Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana

Karatu: Farawa 26:12-33

Kafin ku ci gaba da wannan shafi, ina roƙo ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta wurin da aka nuna a sama tare da iyalinku, gama a kansa za mu yi tunani a wannan fitowa.

Da bazarar da ta wuce na je wa'azi a wata ƙaramar ikkilisiya a wani ƙauye cikin ƙasar Bwari. Bayan sujada, wani dattijo ya kai ni bayan majami'a ya nuna mini rijiyar burtsatse, da tanki a kan ƙarafa, da farantan hasken rana, da jerin kawunan famfo. Kome yana nan tsaye, amma babu ko ɗigo. Kaji ne ke kiwo a gindin tankin. Muna cikin magana sai ga shugabar Zumuntar Mata ta iso, ta rusuna ta gaishe ni, ta ce, "Baba, wata na bakwai ke nan muna komawa rafi. Jikana biyu sun kwanta asibiti da gudawa." Na tambayi dattijon abin da ya lalace. Ya ce wai injin da ke cikin ramin ne. Na tambaya wa ke da hakkin gyara. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ai muna jiran waɗanda suka ba mu su dawo." Ranar da aka buɗe wannan rijiya an yanka akuya, mawaƙa sun raira waƙoƙi, an yi addu'ar keɓewa. Abu guda aka manta, ba a tambayi wanda zai riƙe ta gobe ba.

GA ƘOSHI GA KWANAN YUNWA

Duk wanda ya san Bwari ya san Allah bai hana ta ruwa ba. A ƙasarta ne, kusa da Ushafa, madatsar ruwa ta Usuma take, wadda aka gina a shekarun 1980, daga nan kuma Hukumar Ruwa ta Babban Birnin Tarayya take tace ruwa tana tura wa birnin Abuja. Da birni ya ƙara girma, aka jawo ƙarin ruwa daga madatsar Gurara a Jihar Kaduna ta manyan bututu masu nisan kilomita fiye da 70. Duk da haka, unguwanni da ƙauyuka da dama a wannan ƙaramar hukuma ba su dogara da wannan famfo ba. Abin dogararsu shi ne rijiyar gida, da rijiyar burtsatse, da rafi, da 'yan garuwa masu tura kura cike da jarkoki.

Ƙasar Bwari ƙasar duwatsu ce. Ruwan ƙarƙashinta yana taruwa ne a tsagogin dutse da ƙasar da ta ruɓe a kansa, shi ya sa wani zai haƙa ya samu, maƙwabcinsa ya haƙa ya rasa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ruwan yakan ja baya, rijiyoyi marasa zurfi su ƙafe. Ga kuma jama'a suna ta ƙaruwa. Hedikwatar hukumar JAMB, da Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, da Jami'ar Veritas duk a Bwari suke, Kubwa da Dutse kuwa sun cika sun batse da ma'aikatan da ba su iya biyan hayar cikin birni. Inda a da dangin Gbagyi kaɗan suke sha daga rafi guda, yau dubbai ne ke neman ruwa, dubbai kuma ke zubar da ƙazanta.

Hakkin gwamnati ne ta kai wa talakawanta ruwa, ba kuma za mu daina tuna mata ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta amince a 2010 cewa ruwa mai tsabta da wurin ba-haya hakki ne na kowane ɗan Adam. Amma yawancin ƙananan rijiyoyin da ke hannunmu, waɗanda gwamnati ko ƙungiyoyin agaji ko 'yan siyasa ko ikkilisiya suka haƙa, a hannun jama'a ake barinsu. Rayuwarsu ko mutuwarsu ta rataya a wuyanmu. A nan ne Ishaku yake da abin koya mana.

ISHAKU YA YASHE RIJIYOYIN MAHAIFINSA

Ibrahim ya haƙa rijiyoyi a zamaninsa. Bayan rasuwarsa Filistiyawa suka cike su da ƙasa. Da Ishaku ya sauka a kwarin Gerar, bai zauna yana kukan abin da maƙiya suka yi ba, bai kuma jira wani baƙo ya zo ya taimake shi ba. Ya sa bayinsa suka sāke tone rijiyoyin, ya kuma mayar musu da sunayen da mahaifinsa ya sa musu. Mutum ne da Allah ya yi wa alkawari, ya sa masa albarka har ya girbe riɓi ɗari a shekara guda, amma alkawarin bai ɗauke masa aikin diga da shebur ba.

Mu lura da wannan. Ba Filistiyawa kaɗai ke cike rijiya ba. Sakaci ma yana cikewa. Kan famfo yana yoyo, kowa ya wuce. Ƙura ta rufe farantan hasken rana, babu mai sharewa. Siminti ya tsage a bakin rijiya, ruwan wanki yana komawa ciki. Wata rana sai a wayi gari ruwa ya tsaya, mu ce maƙiya ne. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Annabi Irmiya ya kwatanta mutanen da suka rabu da Allah da masu haƙa wa kansu tankunan ruwa hudaddu waɗanda ba su riƙe ruwa (Irmiya 2:13). Maganarsa ta ruhaniya ce, amma ya ɗauko misalin ne daga abin da kowa ya sani: wurin ajiyar da ba a kula da shi ba, wahalar banza ne.

Mun iya buki. Mun iya gayyatar manyan baƙi su yanke kyalle. Abin da muke da rauni a kansa shi ne aikin da ba a tafa masa, aikin ranar Talata da safe. Amma Ubangiji ya koyar cewa amincin mutum a ƙaramin abu shi ke nuna amincinsa a babba (Luka 16:10). Matse kusar famfo aiki ne na riƙon amana kamar koyar da Makarantar Lahadi.

A SA MUTANE A KAN AIKIN

Abin kowa da kowa, in ba a yi hankali ba, ba shi da mai shi. Lokacin da gunaguni ya tashi a ikkilisiyar Urushalima saboda ana tsallake waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a yi haƙuri kawai ba. Sun ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, a danƙa musu aikin (Ayyukan Manzanni 6:1-6). Haka ya kamata a yi da ruwa.

Kowace rijiyar jama'a tana bukatar kwamiti wanda jama'a suka zaɓa a fili, da shugaba, da magatakarda, da ma'aji, da mai kula da rijiyar kullum. Kada mutum guda ya riƙe biyu daga cikin waɗannan. Mata su kasance da yawa a ciki, su kuma riƙe muƙamai na gaske, gama su ne ke fara sani in ruwa ya canza launi ko ya rage ƙarfi, su ne kuma ke shan wahala in ya tsaya. In rijiyar tana shayar da dukan unguwa, a sa maƙwabtanmu Musulmi a ciki, a kuma sanar da mai unguwa. Fasto ya ba da shawara, ya yi addu'a, amma kada kuɗin ruwa ya kwana a aljihunsa. Wannan kāriya ce ga sunansa da kuma aikin bishara.

A rubuta dokoki kaɗan waɗanda kowa zai gane: lokacin buɗewa da rufewa, abin da za a biya, wanda aka yafe wa, inda za a yi wanki, inda dabbobi za su sha. A nemi takardar rijiyar daga waɗanda suka haƙa, wadda ta nuna zurfinta da irin injin da aka sa da ƙarfinsa, a adana ta a ofishin ikkilisiya. Sau da yawa makaniki yakan zo gyara ya tarar babu wanda ya san abin da ke cikin ramin. A kuma je a san sashen da ke kula da ruwa da tsabtar muhalli a sakatariyar ƙaramar hukuma tun ba a shiga matsala ba.

AKWATIN YEHOYADA

Ga maganar da takan kawo gardama. Wani zai ce, "Ruwa kyautar Allah ne, don me za a sayar mana?" Gaskiya ne, ruwa kyauta ne. Amma bututu ba kyauta ba ne, inji ba kyauta ba ne, makaniki kuma yana da iyali. Ba ruwan ake biya ba, hanyar da ke kawo shi ake biya. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

A zamanin sarki Yowash Haikali ya lalace, kuɗi yana shiga hannun firistoci, amma har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a yi gyara ba. Sai Yehoyada firist ya ɗauki akwati, ya huda murfinsa, ya ajiye kusa da bagade. In ya cika, magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga, a miƙa wa masu lura da aiki, su biya masassaƙa da magina (2 Sarakuna 12). Ku dubi hikimar da ke ciki. An ware kuɗin gyara daban. Mutum biyu ke ƙirgawa. Kuɗin yana tafiya kai tsaye wurin aikin. Manzo Bulus ma, da yake ɗauke da gudummawar ikkilisiyoyi, ya tafi da waɗansu 'yan'uwa domin kada a sami abin zargi a gaban Allah ko a gaban mutane (2 Korantiyawa 8:18-21).

Saboda haka kwamiti ya zauna ya yi lissafi: nawa ake kashewa a wata wajen mai kula da rijiya, da man janareta in akwai, da ƙananan gyare-gyare? Nawa ne kuɗin sabon inji, shekara nawa ake sa ran na yanzu zai yi? A raba wannan a kan gidajen da ke ɗiba, ko a kan kowace jarka. Alal misali, in gida 60 suka amince su ba da naira 1,000 kowane wata, an sami naira 60,000 a wata, naira 720,000 a shekara. Yawancin gidajen nan suna biyan 'yan garuwa fiye da haka in rijiya ta tsaya. A buɗe asusu a banki da sa hannun mutum biyu ko uku. A karanta rahoto a gaban jama'a kowane wata uku. Kada a ranci kuɗin ruwa don taron ƙarshen shekara ko rufin majami'a da niyyar za a mayar, gama irin wannan rance ba ya dawowa da wuri, inji kuwa ba ya sallama kafin ya mutu.

Gwauraye da tsofaffi da marayu waɗanda ba su da hali, a rubuta sunayensu a yafe musu, ikkilisiya ta biya musu daga asusun jinƙai. Ubangiji ya ce ko ƙoƙon ruwan sanyi da aka ba ƙaramin almajirinsa ba zai rasa lada ba (Matiyu 10:42). Kada wani ya koma rafi saboda talauci alhali famfo yana zuba a harabar gidan Allah.

INA RUWAN DA MUKA ƁATA YAKE TAFIYA?

Muna son zancen ruwan sha, muna jin kunyar zancen masai. Littafi Mai Tsarki bai ji wannan kunya ba. A Maimaitawar Shari'a 23:12-14 an umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya riƙe abin tona rami, ya rufe bayan gidansa. Dalilin da aka bayar shi ne Ubangiji yana tafiya a tsakiyar zangonsu, don haka zangon ya zama da tsarki. Ta bakin Ezekiyel kuma Allah ya tsawata wa tumakin da suke shan ruwa mai kyau sa'an nan su gurɓata sauran da ƙafafunsu, 'yan'uwansu su sha abin da suka tattake (Ezekiyel 34:18-19).

Birnin Abuja yana da wurin tace ruwan ƙazanta a Wupa, amma na unguwannin cikin birni ne waɗanda aka haɗa da manyan bututu. A Bwari da kewayenta kowane gida da ramin masansa ko sokawe. Filaye sun ƙanƙance, sai ka ga sokawen wannan gida yana jingine da rijiyar wancan. Ƙazanta tana bi ta ƙarƙashin ƙasa, ido ba ya gani, ruwa ya fito garau amma da cuta a ciki. Tun 1854 wani likita mai suna John Snow ya nuna cewa annobar kwalara da ta kashe ɗaruruwan mutane a wata unguwa a birnin Landan daga famfo guda ta fito, daga baya aka gano ramin ƙazanta yana dab da rijiyar. Abin da ya faru a Ingila a wancan zamani yana faruwa a ƙasarmu. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Babban Birnin Tarayya ma bai tsira ba.

Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsabta a 2018, a 2019 kuma ta ƙaddamar da yaƙi da yin ba-haya a fili, da burin gamawa a 2025. Aikin bai kammala ba, ko da yake a 2022 Jihar Jigawa ta zama ta farko da aka shaida ta kai ga wannan matsayi. Abin da ya yiwu a Jigawa zai yiwu a ko'ina. Amma mu fara da kanmu. Majami'u nawa ne ke tara mutum ɗari uku ranar Lahadi ba su da masai ko ɗaya mai kyau? Muna tara kuɗin kayan kiɗa, yaranmu kuwa suna zagayawa bayan katanga.

Ga abin da kowane gida da kowace ikkilisiya za su iya yi. Masai ko sokawe ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya in fili ya ba da hali, ya kuma kasance ta gangare, ba ta tudu ba. In rami ya cika, a kira masu motar kwasa, a kuma tambaye su inda za su zubar. Wanda ya jira ruwan sama da dare ya buɗe sokawensa cikin kwata ya yi wa maƙwabcinsa na gangare zunubi, ko da ba wanda ya gan shi. A gyara simintin bakin rijiya, a yi wa ruwan da ke zuba hanya ya tafi nesa, a shuka ayaba ko ganye a ƙarshenta. A wanke tanki aƙalla sau biyu a shekara, a rufe shi da kyau. A kai ruwan a gwada lokaci lokaci, musamman farkon damina. A gida kuma a wanke jarka da randa, a rufe, a keɓe moɗa guda. In ana shakkar ruwa a tafasa shi ko a sa maganin kulorin bisa ga umarnin ma'aikatan lafiya. Alim yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Yaron da ya kamu da gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan, a kuma garzaya da shi asibiti. Rigakafi ya fi magani.

DAGA ESEK ZUWA REHOBOT

Rijiya ta fari da bayin Ishaku suka haƙa, makiyayan Gerar suka ce tasu ce, ya sa mata suna Esek, wato gardama. Ta biyu ma haka, ya kira ta Sitna, wato gāba. Yana da dukiya da bayi da yawa, da ya so da ya yi faɗa. Amma ya matsa gaba ya haƙa ta uku, ba wanda ya yi jayayya a kanta, ya sa mata suna Rehobot, domin Ubangiji ya yalwata musu wuri. Daga baya Abimelek da kansa ya zo neman alkawarin salama, gama ya ga Ubangiji yana tare da Ishaku. Ishaku ya yi musu biki, ya sallame su lafiya, a ranar nan kuma bayinsa suka kawo labari sun sami ruwa.

Mutanen Bwari sun san tsadar zaman lafiya. Ba a manta da rikicin ranar Kirsimeti ta 2017 ba, wanda ya jawo ƙonewar kasuwa da asarar dukiyar talakawa. Bakin famfo wuri ne da Bagwariya da Bahaushiya da Bafulatana da matar ma'aikacin gwamnati suke haɗuwa kowace safiya. Yana iya zama Esek, yana iya zama Rehobot. In layi na gaskiya ne, in ba a fifita matar dattijo a kan baƙuwa ba, in an yi wa makiyayi kwamin shayar da dabbobi a gefe maimakon a kore shi, rijiyar za ta yi wa'azin da bagade ba zai iya kaiwa ba. Ku tuna a bakin rijiya ne Ubangijinmu ya roƙi Basamariya ruwa, ya ƙetare gābar da ke tsakanin kabilu biyu, ya ba ta ruwan rai (Yahaya 4). Zai yi wuya mu yi wa maƙwabci albishir da ruwan rai alhali mun sa wa famfonmu kwaɗo saboda shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Kafin fitowa ta gaba, ina roƙon kowace majalisar dattawa ta sa zancen ruwa a jerin abubuwan tattaunawarta. Ku tashi ku je ku duba rijiyar da idonku. Tana aiki? Wa ke riƙe da ita? Nawa ke cikin asusunta? Yaushe aka wanke tanki? Ina masai yake, yaya kuma yake? Zumuntar Mata da ta matasa su ɗauki rana guda a wata domin shara da gyara. Iyaye su zaga gidansu da 'ya'yansu, su auna tazarar da ke tsakanin rijiya da masai, su koya wa yara wanke hannu da sabulu bayan ba-haya da kafin cin abinci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ita kuwa ikkilisiyar da na ba ku labarinta, na bar su a ranar suna zaɓen mutum bakwai, huɗu daga cikinsu mata, shugabar Zumunta kuma ita ta fara sa kuɗi a cikin akwati. Ku riƙa tunawa da su cikin addu'a, ku kuma dubi taku rijiyar.

Mu yi addu'a. Ya Uba Mai Iko Dukka, kai da ka shayar da jama'arka daga dutse cikin jeji, mun gode maka domin ruwan sama da na ƙasa. Ka gafarta mana sakacinmu da son kanmu. Ka ba shugabanninmu zuciyar tunawa da ƙauyuka. Ka tā da amintattun maza da mata a cikinmu waɗanda za su riƙe amanar da ka ba mu, domin yaranmu su sha su rayu, maƙwabtanmu kuma su ga alherinka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.